Yadda Ake Karanta Halittar Sauro: Daga Ambursa Da Garki Zuwa Ɗakunan Gwaji Na Kano

Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba sa bukatar a gabatar musu da sauro, musamman a watan Agusta. Sai dai abin da jama'a ke kira da suna ɗaya, a wurin masana jinsuna ne masu yawa. Mafi yawan sauron da ke tasowa daga baƙin ruwan kwata, mai damun kunne da kuka, jinsin Culex ne, kuma ba ya yaɗa zazzaɓin maleriya. Wanda ke cika layin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da yara masu zafin jiki shi ne Anopheles, wanda ya fi son ruwa mai ɗan tsabta da rana ke bugawa: kwantaccen ruwan sama a lungun da ba kwalta, gurbin tayar mota, ramin gini, fadamar shinkafa. Ana iya raba waɗannan biyu da ido, domin Anopheles idan ya sauka yakan ɗaga bayansa sama, ga kuma ɗigo-ɗigo a fukafukansa.

Daga nan ido ya daina aiki. Babban mai yaɗa maleriya a Afirka, wanda aka daɗe ana kira Anopheles gambiae, an gano dangi ne na jinsuna aƙalla takwas waɗanda babu mai iya bambanta su ta siffa, ko da madubin ƙara girma. Uku daga cikinsu ne suka mamaye ƙasar Hausa. Shi gambiae na ainihi ya fi hayayyafa a ruwan damina. Coluzzii yana son ruwa mai daɗewa, irin na noman rani a Kadawa da Bunkure da kwarin Haɗeja. Arabiensis kuwa ya fi jure fari, yana cizon shanu kamar yadda yake cizon mutum, kuma sau da yawa a waje yake cizon. Gidan sauro da feshin bango ba sa yi musu aiki iri ɗaya. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa, sanin wane sauro ake yaƙa shi ne ke nuna ko kuɗin da ake kashewa yana zuwa inda ya dace. Kuma wani babban yanki na wannan ilimi daga sauron Arewacin Najeriya aka samo shi.

Auren da bai haihu ba

A shekarar 1954 gwamnatin mulkin mallaka ta fara gwajin feshin gidaje a yammacin lardin Sakkwato, yankin Birnin Kebbi, da magunguna da suka haɗa da DDT da dieldrin. Kafin ƙarshen 1955 aka lura sauron wasu ƙauyuka ya daina mutuwa da dieldrin. Aka ɗauki irinsa daga Ambursa aka kai Landan, inda George Davidson ya yi abin da kowane makiyayi zai fahimta: ya haɗa barbara tsakanin sauron Ambursa mai taurin kai da sauron Legas da magani ke kashewa, don ya ga yadda 'ya'ya za su gaji halin. Ya tarar da cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ke janyo bijirewar. Amma ya kuma tarar da abin da bai je nema ba: mazan da aka haifa daga wannan haɗi ba sa haihuwa, kamar alfadarin da ke fitowa daga jaki da goɗiya. Ma'ana, iyayen ba jinsi ɗaya ba ne, duk da kamanninsu. A farkon shekarun 1960 aka laƙaba musu A da B, waɗanda daga baya suka zama gambiae da arabiensis.

Haɗa barbara ita ce hanya ta farko, kuma har gobe hujjarta tana da ƙarfi. Illarta jinkiri: sai an reni sauro a keji, an jira ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta zama babba, sannan a feɗe mazan a duba. Ba hanyar da za a bi a tantance sauron ƙauyuka ɗari ba ce.

Kromosom mai ratsi

Jikin sauro, kamar na mutum, an gina shi da ƙananan tantanai, kuma a cikin kowane tantani akwai zaren DNA da ke ɗauke da bayanin gado. Zaren a naɗe yake cikin dunƙule-dunƙule da ake kira kromosom. Mutum yana da 46, Anopheles yana da 6 kacal: biyu masu raba namiji da mace, sai tagwaye biyu da ake kira na 2 da na 3, kowanne da hannun dama da na hagu. A yawancin tantanai ƙanana ne ƙwarai, ba a ganin komai a jikinsu. Amma akwai wurare biyu da halitta ta yi wa mai bincike gata: jakar miyau ta babbar tsutsa, da ma'ajiyar ƙwai ta macen da ta sha jini. A can zaren yana kwafar kansa sau ɗaruruwa ba tare da kwafin sun rabu ba, sai su jeru gefe da gefe su zama igiya mai kauri, da ratsi baƙi da fari kamar saƙi. Tsarin ratsin ba ya canzawa daga sauro zuwa sauro a jinsi ɗaya, don haka ana iya zana taswirarsa a karanta.

Aikin yana farawa da asuba. Ana shiga ɗakunan kwana da tocila da bututun tsotsa a kamo matan da suka ƙoshi suna hutawa a bango. A ajiye su a kofi mai rufin raga har kusan yini guda bayan shan jinin, lokacin da rabin ciki ya yi fari da ƙwai, rabi na nan da duhun jini. Wannan ne lokacin da tantanai bakwai masu ciyar da kowane ƙwai suke kan ganiyar aiki. In an yi gaggawa ratsin bai fito ba, in an makara tantanan sun shanye. Sai a jefa sauron, ko ma'ajiyar ƙwan da aka ciro, cikin ruwan Carnoy, haɗin kashi uku na itanol da kashi ɗaya na asid ɗin asetik, wanda ke tsayar da komai yadda yake har a kai ɗakin gwaji.

A can ana ɗora ma'ajiyar ƙwan a kan fallen gilashi cikin ɗigon asid ɗin furofiyonik da aka sirka rabi da ruwa, a bar ta ta kumbura ta yi laushi, a warwatsa ta da allura, a ɗiga rinin osin. A rufe da siririn gilashi, a bubbuga a hankali har tantanai su fashe, hannayen kromosom biyar su miƙe, sannan a danne da babban yatsa. Ƙwarewar duk tana cikin wannan bugu da danni: in ya yi yawa zaren ya tsinke, in ya yi kaɗan ya cukurkuɗe. Sai a duba a madubin ƙara girma a kwatanta da taswira, wadda ta kasa kromosom ɗin zuwa shiyyoyi 46.

Wanda ya mayar da wannan sana'a makamin yaƙi da maleriya shi ne Mario Coluzzi na Jami'ar La Sapienza da ke birnin Rum. A ƙarshen shekarun 1960 shi da abokiyar aikinsa Adriana Sabatini suka nuna cewa tsarin ratsin kromosom X ya isa a raba A da B. Abin da ke ɗaukar makonni a keji ya koma aikin mintuna a kan gilashi.

Abin da ake nema a ratsin shi ne juyi. A ɗauki carbi a yanke wani zango daga tsakiyarsa, a juya shi, a mayar a ɗaure: 'ya'yan carbin suna nan cif, jerinsu ne ya sauya. Haka ke faruwa da kromosom. Idan sauro ya gaji juyayyen zango daga uwa da miƙaƙƙe daga uba, tagwayen ba sa iya jeruwa sai ɗaya ya lanƙwasa, sai a ga zobe ƙarara a ƙarƙashin madubi. Muhimmancin juyi shi ne yana hana ƙwayoyin gadon da ke cikinsa cakuɗuwa da na abokin tagwaitakarsa, sai su riƙa sauka daga kaka zuwa jika a dunƙule, kamar gandun da magada suka ƙi rabawa. Idan dunƙulen ya dace da wani yanayi, sai ya bazu a inda yanayin yake.

Darasin Garki

Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken maleriya da aka taɓa yi a Afirka, a gundumar Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. A daminar 1972 da ta 1973 aka fesa maganin propoxur a bangon ɗakuna, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba magani ga kowa da kowa. Feshin ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da kusan kashi 90 cikin ɗari, amma yawan masu ɗauke da ƙwayar cutar a jini bai ragu da fiye da kusan rubu'i ba, kuma da aka daina komai ya koma gidan jiya. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia sun tattara sakamakon a littafin da hukumar ta buga a 1980.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ba duk sauro ke sauka a bangon da aka fesa ba. Wani yana cizo ya fice. Tambayar ita ce, tsautsayi ne ko hali ne na gado? Coluzzi da abokansa sun karanta kromosom na sauron Garki, da na wurare daga gaɓar teku zuwa iyakar Nijar, suka buga sakamakon a 1979. Sun ga wasu juye-juye, musamman 2La a hannun hagu na kromosom na 2 da 2Rb a hannun dama, kusan babu su a dazuzzukan kudu masu laima, suna ƙaruwa yayin da ake yin arewa, har su kusan game kowa a busasshiyar ƙasa. A wuri ɗaya ma suna ƙaruwa da rani su ragu da damina. Abin da ya fi ɗaukar hankali: sauron da aka kama yana hutawa cikin ɗaki ya fi ɗauke da juye-juyen jure fari fiye da wanda aka kama a waje. Bayanin da suka bayar mai sauƙi ne, cewa da daddare iskar cikin ɗaki ta fi ta waje bushewa. Ke nan mai feshi yana kashe wani ɓangare na sauron, ya bar wani ɓangaren da gadonsa ya sa ba ya zama a ɗaki.

Da wannan hanya aka ci gaba da rarrabe gambiae a Afirka ta Yamma zuwa nau'o'i masu suna Mopti, Bamako, Savanna da sauransu, aikin da Yeya Touré na Mali ya taka babbar rawa a ciki. A 2013, shekara guda bayan rasuwar Coluzzi, aka ware wani reshe a matsayin jinsi mai zaman kansa aka sa masa suna coluzzii. Shi ne yau ya fi yawa a fadamun noman rani na Kano da Jigawa. Yana da kyau a lura da inda aikin ya rabu a wancan zamani: kamun sauro a nan, karatunsa a Rum da Landan.

Zamanin PCR

Karatun ratsi yana da iyaka. Babbar tsutsa da mace mai rabin ciki kaɗai yake yi wa aiki, ga shi masu idon karanta shi ba su taɓa yawa ba. A 1993 Julie Scott da William Brogdon da Frank Collins suka fito da hanyar tantance jinsunan da PCR, dabarar da mutanen Kano suka san sunanta a 2020, lokacin da ake gwajin korona da ita a asibitin Malam Aminu Kano. Na'ura ɗaya ce, ka'ida ɗaya.

Ƙafar sauro guda ta isa, ko da busasshe ne da aka ajiye a kwalba da ƙwayoyin silika masu tsotse laima. A niƙa ta a fitar da DNA, a zuba a ɗan bututu tare da gajerun zarurruka na jagora, waɗanda aka ƙera su manne a wuri takamaimai a jikin DNA na kowane jinsi, da sinadarin da ke yin kwafi. Na'ura ta riƙa zafafawa tana sanyayawa kusan sau talatin, kowane zagaye yana ninka kwafin. Sai a zuba abin da aka samu a ramukan wani fallen jel mai kama da daskararren koko, a sa masa lantarki. Gajeren gutsure ya fi dogo gudu, don haka kowanne yana tsayawa a nasa wuri, ya bayyana kamar layi a ƙarƙashin fitila ta musamman. DNA rubutu ne na haruffa huɗu, kuma da adadin haruffa ake auna tsawon gutsure: layi a 390 gambiae ne ko coluzzii, a 315 arabiensis. Wani gwaji na 2008 yana raba na farkon biyu, coluzzii a 479, gambiae a 249. Tun 2007 ma juyin 2La ana gano shi haka, ba sai an ga zobe ba. Sai dai PCR tana amsa tambayar da aka yi mata ne kawai. Sabon juyin da ba a san da shi ba, madubi ne zai fara ganinsa.

Gwajin bijirewa magani

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar aljihun gwamnati. Ana ɗebo tsutsa daga fadama ko kududdufi, a rene ta. Matan da suka kwana uku zuwa biyar, waɗanda ba su taɓa shan jini ba, a zuba su kusan 25 a kowane bututu da aka shimfiɗe da takarda mai magani, bututu huɗu, ban da na kwatance marasa magani. Su yi sa'a ɗaya, a mayar da su bututu mai tsabta da ruwan sukari, a ƙirga gawa bayan sa'a 24. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan kashi 98 zuwa sama suka mutu maganin yana aiki, idan ba su kai kashi 90 ba bijirewa ta tabbata.

Sai a koma kan DNA a nemi dalili. Magungunan dangin pyrethroid, irin su permethrin da deltamethrin da ake jiƙa gidan sauro da su, suna kama wata ƙofa ce a jijiyar sauro su shanye shi. Canjin harafi ɗaya a ƙwayar gadon da ke gina ƙofar, wanda ake kira kdr, yana sa maganin ya kasa kamawa. An bayyana nau'insa na Afirka ta Yamma a 1998, na gabas a 2000. A 2014 Sulaiman Ibrahim na sashen nazarin sinadaran halittu a Jami'ar Bayero, tare da Charles Wondji na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool da wasu, suka buga binciken sauron Bunkure da Auyo, suka tarar coluzzii ne ya rinjaya, kdr ta yaɗu a cikinsa, ga bijirewa mai ƙarfi ga DDT da pyrethroid.

Hanya ta biyu ta fi wuyar kamawa. Sauro yana ƙara yawan wasu sinadaran jikinsa, irin su CYP6P3 da CYP6M2, waɗanda ke narkar da guba kafin ta isa jijiya. Ana gane haka ta hanyar fara sa sauron a takarda mai sinadarin PBO, wanda ke toshe waɗannan sinadarai. Idan bayan haka maganin ya dawo yana kisa, an san inda matsalar take. Daga nan ake auna RNA don a ga wace ƙwayar gado ce ta ƙara aiki. Wannan sakamako ne ya kamata ya yanke hukuncin ko jiha za ta karɓi gidan sauro na pyrethroid zalla, ko mai PBO, ko mai haɗin chlorfenapyr da hukumar ta ba da shawara a 2023. Gidan sauron da sauro ya bijire wa maganinsa yana nan a matsayin shinge, amma ya rage kisa, kuma kisan ne ke kare maƙwabcin da ba shi da gidan sauro.

Tsohon ilimi da sabo sun haɗu a nan. Ƙwayar gadon bijire wa dieldrin, wadda ta fara bayyana a Ambursa, an gano a cikin zangon 2La take zaune. A 2021 Ibrahim da abokan aikinsa suka ba da rahoton alaƙa tsakanin juyin 2La da jure zafi da jure permethrin a wani ɓangare na sauron Arewa, batun da ke da nauyi a yankin da zafinsa ke ƙaruwa.

Cikakken rubutu, da abin da ke tafe

A 2002 aka buga jerin haruffan DNA na gambiae, kusan miliyan 278. A 2017 wani haɗin gwiwar masana ya karanta na sauro 765 daga ƙasashen Afirka takwas, ya sami sama da wurare miliyan 50 da haruffa ke bambanta. Kaɗan ne cikin halittun da aka bincika suka kai shi yawan bambanci, wanda shi ya sa yake saurin samo mafita daga kowane magani.

Karatu ya kai ga gyara. A 2018 masana a Kwalejin Imperial ta Landan suka dasa wa sauro wata ƙwayar gado mai tilasta kanta ga kusan duk 'ya'ya, tana hana mata haihuwa, har sauron kejin ya ƙare. Shirin Target Malaria ya saki mazan da aka sauya wa halitta, marasa haihuwa, a ƙauyen Bana na Burkina Faso a 2019, kafin gwamnatin ƙasar ta dakatar da shirin a Agustan 2025. A Najeriya, gyaran da aka yi a 2019 wa dokar hukumar NBMA mai kula da halittun da aka sauya ya sa irin wannan fasaha ƙarƙashin ikonta. Ko mutum yana goyon baya ko yana adawa, hukumar da ba ta da ɗakunan gwajin da za su duba sauronta da kansu ba ta da abin cewa illa abin da mai fasahar ya gaya mata.

Kuma ba sai an jira wannan muhawara ba. Anopheles stephensi, sauron birni daga Asiya da aka fara gani a Jibuti a 2012, an tabbatar da shi a jihar Gombe daga samfurin 2020. Yana hayayyafa a tanki da duro da kwamin masu buga bulo, abubuwan da babu unguwar Kano da ba ta da su. Gwajin 1993 ba ya ganinsa, domin ba a ƙera masa jagora ba: layi kawai ba zai fito ba, kuma mai gaggawa zai ɗauka samfurin ne ya lalace. Sai an sake gwaji da jagorar da ta dace, ko an aika a karanta haruffan.

Na'urar PCR yanzu tana Kano, masu sarrafa ta ma suna nan. Abin da ya rage a hannun waje shi ne sinadaran da ake saya da dala, da firjin da dole ya riƙe RNA a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri ko an ɗauke wuta, da kuɗin fita kamun sauro kowace damina. Kaso mai yawa na wannan sa-ido a Najeriya ya dogara da Asusun Global Fund da shirin maleriya na shugaban Amurka, kuma a 2025 Amurka ta rushe hukumar USAID da ke jagorantar shirin.